"Wani Kogi" Ba Suna Ba Ne



Makalar wannan makon faɗa ce, gara mu sanar tun daga bakin ƙofa. Da jimla ɗaya muke faɗan, wadda ta zama ruwan dare a gajerun labaran da ake turowa duk damina: kwatsam sai ambaliya ta afka wa garin. Daga nan sai gidan su jaruma ya rushe, mahaifinta ya rasu, a ɗauko ta a kai ta aikatau birni, ɗan masu gida ya gan ta ya kamu. Ruwa ya gama aikinsa a layi uku, an sallame shi. Kogin kuwa "wani kogi" ne, a gefen "wani ƙauye". Ba a faɗi inda ya taso ba, ba a faɗi inda ya nufa ba, ba a faɗi wanda ya tare shi a sama ba, balle wanda ya toshe masa hanya a ƙasa. Marubucin da zai cika shafi biyu yana lissafa kalar leshi da sunan turare, shi ne ya kasa ba kogi suna.

Mu dai abin da muke cewa shi ne, a maganar kogi babu kwatsam. Kogi yana da hali kamar yadda mutum yake da shi, kuma duk wanda ya zauna da shi ya san lokacin fushinsa da inda yake bi idan ya fusata. Wanda ya rubuta "kwatsam" ƙarya ya yi, ko da bai yi niyya ba, kuma ƙaryar tana da masu cin moriyarta. Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki kogi ɗaya, wanda yawancinmu mun ci shinkafarsa da tumatirinsa ko ba mu taɓa tsayawa a bakinsa ba, wato Kogin Kano, musamman yadda yake a yankin Kura da Bunkure.

Kogin Kano daga kudancin jihar yake tasowa, daga ƙasar duwatsu da ke gangarowa daga tsaunukan Jos. Yana ratsa dajin Falgore, wanda a da ma da sunan kogin ake kiransa. Can ruwan sama ya fi na birnin Kano yawa, kuma ƙarƙashin ƙasar dutse ne, ba ya shan ruwa sosai. Idan aka yi marka a watan Agusta, ruwan ba ya samun wurin nutsewa, sai ya gangaro gaba ɗaya. Wannan shi ne asalin halin kogin: da rani a ga yashi shimfiɗe, yara na wasa a cikinsa, manomi na tona rami yana ɗebo ruwa da jigo, da damina kuma ya cika ya batse cikin ɗan lokaci. Mutumin Bunkure na iya duban sama ya ga babu ko ɗigon hadari, amma kogi na tasowa, saboda ruwan da aka yi jiya a wajen Doguwa ne ya iso. Ga baƙo wannan abin mamaki ne. Ga ɗan gari lissafi ne.

Sai aka zo aka tare shi. Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gina madatsar Tiga, wadda aka tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga Tiga ruwa yana bi ta Ruwan Kanya ya shiga babban kanal, sannan ya rabu reshe biyu, na yamma da na gabas, ya bazu cikin gonakin Kura, Garun Malam da Bunkure. Babu injin da ke tura shi, gangaren ƙasa ne ke tafiyar da shi. Hekta 22,000 aka tsara wa kashin farko na aikin, ko da yake an daɗe abin da aka gyara bai kai haka ba. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da ragamar. Daga baya, a 1992, aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, aka tare ɗan'uwansa da ke zuwa daga yamma. Kogunan biyu suna haɗuwa a wajen Tamburawa, kuma ƙasar Kura tana zaune ne a tsakaninsu.

Ke nan yau a wannan yanki koguna biyu ne ke da sunan Kogin Kano. Akwai na asali, mai bin kwarinsa, akwai kuma na siminti, wanda aka ja masa layi da ma'auni. Na simintin shi ne ya mai da rani lokacin aiki. Shi ya sa Kwanar Gafan ke cika da kwandunan tumatir da manyan motoci masu zuwa kudu, shi ya sa ake jin ƙarar injinan casar shinkafa a Kura, garin da a da aka fi saninsa da rini da turkuɗin da ake kai wa Buzaye. Albasa, alkama, masara, kokwamba, kankana, duk daga wannan ruwa. Ba mu zo nan don mu tsine wa Tiga ba. Duk wanda ya ce madatsar sharri ce zalla, ya je ya faɗa wa matar da ke turara shinkafa tana biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta. Wannan ma wata lalaci ce irin ta "kwatsam", sai dai ta sa rigar gwagwarmaya.

Abin da muke so a gane shi ne madatsa ba ta kashe ambaliya. Canja mata lokaci take yi, ta canja mata wuri, ta canja wanda za ta faɗa wa. Tafki kamar randa yake. Muddin da saura a cikinsa, zai karɓi ruwan Doguwa ya riƙe, mutanen ƙasa su yi barci. Ranar da ya cika kuwa, duk abin da ya shigo ta baya sai ya fita ta gaba. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda, wadda ba ta da nisa da wannan yanki, ta ɓalle ta yi ɓarna. Bayan haka, a 1992, aka rage tsayin mazubar rarar ruwa ta Tiga da mita 3.5 saboda gudun kada ita ma ta ɓalle. Dabara ce mai kyau ta fuskar tsaro, amma tana da farashi: randar ta ƙanƙance, saboda haka tana saurin cika, tana saurin tumbatsa. Wannan shawara ce da mutane suka zauna a ofis suka yanke, da dalilansu, kuma sakamakonta yana isa har ɗakin wata tsohuwa da ba ta taɓa jin labarin zaman ba. Ina kwatsam a nan?

A cikin gonakin aikin noman ranin kuwa, ambaliyar ma wani salo gare ta, kuma nan ne muke so mu daɗe, domin nan ne labaran da ake turowa suka fi kuskurewa. Kowa ya ɗauka ambaliya bango ce ta ruwa mai zuwa da ruri kamar a fim ɗin Indiya. A Kura da Bunkure sau da yawa ba daga kogi take zuwa ba, daga ƙasa take tasowa. Duk aikin ban ruwa hanya biyu gare shi: kanal mai kawo ruwa, da magudana mai fitar da wanda ya yi saura. Kanal kowa na sonsa, kowa na faɗa a kansa. Magudana kuwa marainiya ce. Laka ta cike ta, kachala ta tsiro a cikinta ta yi duhu har ta fi mutum tsayi, wani ya matso da kunyarsa ya cinye gefenta, wani ya datse ta don ya sa injinsa ya ja ruwa zuwa gonar da ba ta cikin tsari. Shekara da shekaru ana zuba wa ƙasa ruwa rani da damina, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta tasowa, har a wasu wurare ka ga kanwa ta fito fari fat a saman gona. To ƙasar da ta riga ta ƙoshi, idan marka ta sauka a kanta, ina za ta kai ruwan? Sai ya kwanta. Ya kwanta a kan shinkafa har ta ruɓe, ya kwanta a gindin katangar ƙasa, danshi ya yi ta hawa kwana da kwanaki, sannan wani dare ɗaki ya zauna. Masu gidan sun ga tsagewar tun makon jiya. Sun san zai faɗi. Ba su da inda za su koma ne, ko kuma mai gidan yana jiran ya sayar da wani abu ya sayi siminti.

Ku duba bambancin da ke tsakanin wannan da layi ukun da muka fara da su. A cikin "kwatsam" babu wanda ya yi zaɓi, saboda haka babu labari. A cikin gaskiyar kuwa akwai mako guda cur na mutum yana kallon bangonsa yana lissafi, akwai maƙwabcin da ya datse magudana kuma surukinsa ne, akwai shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa da aka tara wa kuɗin yasa, akwai manomin ƙarshen kanal da rani bai samu ruwa ba, da damina kuma shi ne farkon nutsewa. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau. Mutum ɗaya, gona ɗaya, ƙishirwa a watan Maris, nutso a watan Agusta, kuma dalilin duka biyun ɗaya ne, wato inda gonarsa ta faɗo a taswira. Aikin gyaran da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING, da rancen Bankin Duniya da aka amince da shi a 2014, ya taɓa kanal da magudanun yankin, amma kachala ba ta san an rufe kwangila ba. Idan ba a ci gaba da yasa ba, za ta dawo.

Kogin bai ƙare a Tamburawa ba, kuma marubucin da ya tsaya a nan ya ba da rabin labari. Bayan haɗuwarsa da Challawa sai ya nufi Wudil, kuma daga wajen nan ƙasa take canja hali. Dutsen da ke ƙarƙashi ya yi nisa, an shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar yashi da laka ta kwarin Tafkin Chadi. Gangare ya ragu ƙwarai. Kogin da ya saba gudu sai ya koma tafiyar hawainiya, ya ajiye yashin da ya ɗauko, cikinsa ya cike, ya rarrabu, ya yi ta karkace-karkace. A irin wannan ƙasa ƙarin ruwa kaɗan ya isa ya malale fili mai faɗin gaske. Haka yake bi ta Ringim, Taura, Miga, Auyo, Haɗeja, ya shiga dausayin Haɗeja da Nguru, ya haɗu da kogin Jama'are kafin Gashuwa, ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Chadi.

Mutanen can ƙasa ba maƙiyan ambaliya ba ne tun asali, kuma wannan ma abu ne da kalmar "afkawa" take ɓoyewa. Da ita suke rayuwa. Ruwa ya hau, ya kawo laka da kifi, a shuka shinkafa. Ya janye, a bi danshinsa a shuka wake da sauran amfani. Makiyayi ya samu ciyawa da rani. Rijiyoyi su cika. Da aka tare kogin a sama, wannan ambaliya mai albarka ta ragu, filin da ruwa ke mamayewa ya tsuke. Sannan ruwan da ake saki duk shekara ya hana hanyoyin kogin bushewa, kachala ta samu abin da take so, ta toshe wasu rassa, ruwan ya karkata ya taru inda ba a buƙatarsa, wasu garuruwa suna nutsewa wasu suna ƙishi. A 1998 masana biyu, Barbier da Thompson, sun auna ribar manyan ayyukan ban ruwa na sama da asarar da mutanen fadamun ƙasa ke yi, suka samu ribar ba ta rufe sai ƙaramin kaso na asarar ba. Ba dole ne mu yarda da kowane lissafinsu ba, amma dole mu san cewa kwandon tumatir na Kwanar Gafan yana da alaƙa da komar masuncin Nguru.

Idan kuma shekara ta zo da ruwa mai yawa, su dai waɗannan mutane ne ke karɓar rarar. An gani a 2001, lokacin da ruwa ya yi ɓarna a sassan Kano da Jigawa. A 2010 gwamnatin Jigawa ta ɗora laifin a kan sakin ruwa daga Tiga da Challawa, hukumar kogunan ta musanta. A 2022 fiye da mutum 100 suka rasu a Jigawa. Ku lura da gardamar 2010 ɗin: ɓangare ɗaya na cewa an saki, ɗayan na cewa ba haka ba ne. Ko su da ke da hannu a lamarin ba su ce kwatsam ba. Marubuci ne kaɗai, wanda babu mai biyansa don ya rufa wa kowa asiri, yake zuwa ya wanke kowa kyauta.

Mun san amsoshin da za su biyo baya, don mun sha jin su a zaman karatu. Ta farko: ai ƙaddara ce. Babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma haɗarin mota ma ƙaddara ne, kuma babu wanda ya taɓa hana marubuci faɗin cewa direban ya yi gudu ko tayar ta suɗe. Me ya sa sai a kan ruwa ne ake tuna tauhidi? Hausawa da suka ce ruwa ba ya tsami banza ba su fita daga imani ba. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, kuma mutanen garin sun yi haƙuri da hukuncin Allah, sun kuma tambayi wanda aka ɗora wa kula da madatsar. Ba su ga saɓani tsakanin biyun ba.

Ta biyu: masu karatu soyayya suke so, ba darasin labarin ƙasa ba. To wa ya ce a daina soyayya? A Karfi ba a soyayya ne? Saurayin da aka sa wa ranar aure bayan girbin shinkafa, ya ci bashin taki da iri, sannan ruwa ya kwanta a gonarsa kwana goma, yana da abin da zai rasa fiye da wancan attajirin na labaranku da ke sauka daga jirgin Dubai ba a san sana'arsa ba. Idan kuma wanda ya datse magudanar wan yarinyar ne, kun samu rikicin da zai riƙe littafi guda ba tare da an nemo boka ko kishiya ba. Ba a ce ku juye duk abin da ke cikin wannan makala a bakin jarumi ba, Allah ya kiyaye. Sanin naku ne. Mai karatu ba ya buƙatar jin mita 3.5, amma yana gane marubucin da ya san ruwan da yake magana a kai, ko da jimla ɗaya ce.

Ta uku ita ce ta fi ba mu haushi: mu ba injiniyoyi ba ne. Mu ma da muke wannan rubutu takardarmu ba ta wuce difloma ba, kuma babu abin da muka faɗa a sama da manomin Kadawa bai fi mu sani ba. Ɗayyib Salih na Sudan ba injiniya ba ne, amma Kogin Nilu a rubutunsa yana da lanƙwasa da lokaci da haɗari. Mark Twain na Amurka sai da ya koyi tuƙin jirgin ruwa a Misisifi kafin kogin ya shiga littattafansa. Mu a nan ba a ce a koyi tuƙi ba. Daga Kano zuwa Kura tafiya ce da ba ta kai awa ɗaya ba a kan titin Zariya. Akwai marubutan da suka san sunayen unguwannin Istambul daga fina-finai, amma ba su san cewa gadar Tamburawa da suke hayewa a kan kogin Challawa take ba. Abin dariya ma, ɗaya daga cikin littattafan farko na ƙagaggun labaranmu, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da ya fito a 1934, a kan neman ruwa aka gina shi, kuma ko ruwan tatsuniya sai da aka raɗa masa suna.

Wanda ya yi niyyar zuwa, kada ya je da rani kawai lokacin da ko'ina ya yi kore ana ɗaukar hoto. Ya je a ƙarshen Agusta, ya bar kanal, ya nemi a nuna masa magudana. Ya tambayi manomi kwana nawa shinkafa ke jurewa a ƙarƙashin ruwa, kuma ya lura amsar za ta bambanta da irin shinkafar da kuma girmanta. Ya tambayi dattijo yadda kogin yake kafin Tiga, ina ake fito, wace gona ce a da fadama. Ya tambayi mata ina suke kai buhunan shinkafa da tukwanen turara idan tsakar gida ta cika. Ya tambayi ma'aikacin asibitin karkara me ya sa tsargiya ba ta rabuwa da yaran da ke wanka a kanal, da yadda zazzaɓin cizon sauro ke yi a garin da ruwa ba ya ƙafewa. Ya tsaya inda masu tifa ke ɗibar yashi ya dubi yadda gaɓar kogi ke zaftarewa. Kuma ya rubuta kalmomin da ya ji yadda aka faɗe su, domin manomi ba ya cewa "ruwa ya yi yawa" kawai. Yana bambanta ruwan da ya wuce da wanda ya kwanta, yana bambanta tabo da laka, kwari da fadama, gulbi da rafi.

'Yan uwa na Wudil, Ringim, Auyo, Haɗeja da Gashuwa da ke cikin wannan zaure, ruwan da ya wuce Bunkure ƙofar gidajenku yake zuwa, sai dai kowane gari da sunan da yake kiransa. Ku rubuto mana sunan da kuke kiransa da shi a wajenku, da watan da kuke fara kwana da ido ɗaya, da alamar da tsofaffinku ke dubawa su ce a fara kwashe kaya.